Abin da Liman Sahabi Ya Gani

Ƙanena Arzika ya zo Karakkai a lokacin kaka, shekara goma bayan rasuwar ubanmu. Ya zauna a ƙofar ɗakina, na kawo masa ruwa a ƙoƙo, ya ture shi gefe da bayan hannu. Shi har yau yana can kan duwatsun bayan Tsafe inda aka haife mu, bai taɓa sa goshi a ƙasa ba, ba shi kuma da niyya. Ya ce tun tuni labari ya kai masa cewa mutanen garin nan sun fita da fartanya za su tone Baba daga kabari, kuma da sunan Allah a bakinsu suka fita.

Ya ce, "Yaya Kulu, wannan addini da kika shiga har kika ja tsoho ciki, me ya tsinana muku ban da wulaƙanci?"

Na ce, "Kai, rufe mini baki. Shekara goma ba ka leƙo ba, yau ka zo mini da rabin labari da ka tsinta a kasuwa? Gyara zama ka ji sauran."

Ga abin da na gaya masa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ubanmu Nomau azne ne, haka ubansa, haka kakansa. Gidanmu ne ke hawa dutse da baƙin bunsuru idan damina ta yi jinkiri, a yanka a roƙi ruwa. Ni na sauko ne saboda Lawwali, wani manomi musulmi daga nan Karakkai ta ƙasar Bungudu, da yake zuwa sayen irin dawa a wurinmu. Ni na ce ina son sa, ba wanda ya tura ni. Na yi salla, na haihu, na zama 'yar gari. Da innarmu ta rasu, ƙafafun Baba kuma suka fara gazawa, sai ya sauko wurina. Arzika ya yi rantsuwa ba zai sake taka inda Baba yake ba, tun da tsohon ya bar dutse ba mai yanka.

Shekara biyu Baba yana zaune a zauren Lawwali yana kallon masu wucewa masallaci. Ba wanda ya matsa masa. Limamin gari, Malam Sahabi, wani tsoho siriri mai ɗan ɗingishi, shi ne yake tsayawa su yi ta gardama a kan wane gero ya fi jure fari. Ran nan Baba da bakinsa ya ce a kira masa liman. Ya yi shahada, aka raɗa masa Mas'udu, sunan da duk garin ba mai kiransa da shi sai liman kaɗai. Fatiha sai da ta ci masa wata uku, yana karantawa yana cusa nasa a ciki, ni kuwa ina bayan danga ina ƙunshe dariya. Amma tun daga ranar salla ba ta wuce shi ba.

Abu ɗaya ne bai rabu da shi ba. Akwai wani guru a ƙugunsa, na baƙar fata, da ɗan ƙarfe ƙulle a jiki, wanda uwarsa ta ɗaura masa ranar da ya fara hawa dutse. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya ce, "Kulu, tun da na yi shahada ban roƙi abin nan komai ba. Hannun uwata ne ya ƙulla shi, ni ba na iya kwancewa." Sai na ƙyale shi. Ko mijina ban gaya wa ba.

Ya rasu da bazara, shekara goma da shigowar Nasara, kafin ruwan farko. Liman ya yi masa wanka, Lawwali yana zuba ruwa da buta. Mai wankan gawa yakan rufe mamaci da zane daga cibiya zuwa gwiwa, ya cusa hannu ta ƙarƙashi, don haka mai zuba ruwa ba ya ganin komai a wurin. Ni ina cikin mata ina kuka, gurun bai faɗo mini ba sai da aka ɗaga makara. Na jira in ji magana, kwana ɗaya, kwana bakwai, shiru. Na ce a raina, to, an binne shi da abinsa, Allah ya rufa asiri.

Sai ruwa ya ƙi. An yi guda ɗaya mai kyau, kowa ya fita ya yi shuka, ta tsiro ta kai tsawon yatsa ta ƙone. Aka sami yayyafi, aka sake zuba sauran iri, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Hadari yakan taso daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin ɗaki, sai iska ta zo ta watsa shi muna kallo. Aka fita roƙon ruwa kwana uku a jere, da azumi a baki, da tsofaffin riguna, liman ya juya mayafinsa, mata muka yi sadakar gumba da ɗan geron da ya rage. Rana ta ƙara buɗewa kamar da gayya.

A nan ne Sabiru wanzami ya tuna cewa ya taɓa yi wa Baba ƙaho a baya, ya ga wani abu a ƙugunsa. Allah wadan bakin wanzami! Ya faɗa wa mutum ɗaya a gindin tsamiya, kafin la'asar maganar ta zaga gari ta dawo da ƙafafu. Aka ce ai Nomau ɗan gidan masu kiran ruwa ne, wanda ya iya kira kuwa ya iya ɗaurewa. Aka ce da gurun aka binne shi, ruwan shekara yana can ƙulle a ƙugunsa a ƙarƙashin ƙasa.

Maganar ta kai kunnen Malam Yahuza. Ɗan garin nan ne, ya yi shekara bakwai yana karatu a Gusau ya dawo. Ba zan yi masa ƙarya ba ko da yake raina bai taɓa son sa ba: ba mugu ba ne. Irin shukarsa shi ma ya ƙare a ƙasa, 'ya'yansa biyar suna kallonsa, kuma tsoron Allah yake da gaske, irin tsoron da ke hana mutum ƙiba. Shi bai yarda wata fata tana ɗaure ruwa ba. Abin da ya ce bayan azahar shi ne, da wane ido za mu roƙi Allah alhali mun kwantar da mai shirka a tsakiyar musulmi, mun yi masa salla? Masu tsoron guru da masu tsoron fushin Allah suka haɗu a wuri ɗaya: a tone shi a kai shi daji.

Lawwali ya shigo gida fuskarsa ba kyau. Ya ce, "Kulu, tsohon nan yana da wani abu a ƙugu?"

Na ce, "Ni na sani? Ƙugun ubana nake leƙawa?"

Ya ce gobe da hantsi za a taru a ƙofar masallaci gaban mai gari, a tambayi liman, tun da hannunsa ne ya shiga ƙarƙashin zane. In ya ce ya gani, za a tone. In ya ce bai gani ba, magana ta mutu, don duk Karakkai ba wanda ya taɓa kama Malam Sahabi da ƙarya.

Ban jira ya gama ba na ja mayafi. Na shiga gidan liman wurin matarsa, Inna Ma'u, na ce ta yi mini iso. Ya zo ya tsaya a bayan dangar zana, ni ina ciki, shi yana waje, ina ganin ƙafafunsa kawai ta ƙasa.

Na ce, "Malam, ka ji abin da za su yi gobe."

"Na ji, Kulu."

"To ka ce ba ka ga komai ba. Kalma ɗaya ce, kowa ya koma gidansa."

Ya ce, "Ba zan ce na gani ba, ba zan ce ban gani ba. Abin da mai wanka ya tarar a jikin mamaci amana ce. Shekara talatin da huɗu ina wanke mutanen garin nan, ban taɓa fita da komai a bakina ba."

"In ka yi shiru ai ka faɗa ke nan! Kai ba ka san mutane ba ne?"

"Na san su."

"To ka ce babu!"

Ya ce a hankali, "Ke da kike 'yarsa, in na ce babu, gaskiya na faɗa?"

Sai zuciya ta ɗebe ni, na manta da wa nake magana. Na ce masa tsoho ya bar dutsensa da ɗansa ya biyo ku, kai ka raɗa masa suna, yau kana tsoron ƙarya guda ɗaya ta ɓata maka lahira, shi kuwa a jefar wa kuraye da ƙasusuwansa? Na ce in haka addinin yake, to ya yi maka rana kai kaɗai. Inna Ma'u tana jan zanena tana cewa haba Kulu, haba Kulu. Na ga ƙafafun nan sun juya sun tafi da ɗingishinsu. Wallahi a ranar na tsane shi fiye da Yahuza.

Da safe, kafin taro, mai gari ya aiko mutum uku. Suka shiga ɗakin da Baba ya zauna, suka zazzage jakarsa, suka kwance matashi, suka leƙa cikin tulu. Daga nan suka wuce zauren liman, don Yahuza ya ce wataƙila ya cire abin ya ajiye. Suka ɗaga buzu, suka sauke gafakar littattafai, suka tona tokar murhu. Ba su sami komai ba. Maimakon hankali ya kwanta, sai aka ce to shi ke nan, tun da ba ya gida ba ya zaure, yana cikin kabari.

Na tsaya a bayan katangar masallaci tare da wasu tsofaffin mata, ina jin komai. Mai gari ya yi tambaya da ladabi. Liman ya ba shi amsar da ya ba ni. Yahuza ya miƙe.

"Malam, kai ka koya mini alif, ba zan ɗaga maka murya ba. Amma yara suna kwana da yunwa. Don Allah, ka ga guru a ƙugun Nomau ko ba ka gani ba?"

"Mas'udu ya yi shahada a gabana, ya yi salla a bayana shekara guda da rabi. Wannan na gani, zan kuma faɗa a ko'ina."

"Ba ita na tambaya ba."

"Ita ce zan amsa."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Ya gani! Da bai gani ba da ya faɗa!" Wurin ya kaure. Na ji mai gari yana cewa a dakata a aika Bungudu wurin alƙali, ba wanda ya saurare shi. Mutane suka watse gidaje, ba don sun haƙura ba, sai don ɗauko kayan aiki. Na ga maza suna fitowa da fartanya da dagi, suna kabbara. A cikinsu na ga Lawwali da tasa fartanyar a kafaɗa, kansa a ƙasa. Daga baya ya ce mini da bai fita ba da an ce da saninsa aka yi. Na ji, amma har yau ban manta masa ba.

Mace ba ta shiga maƙabarta. Na sani sarai. Na ɗaura mayafi a ƙugu na bi su, matan suna kirana ina jin su kamar daga wani gari. Na ce in za a fito da ubana, to a fito da shi a gabana.

Da muka isa, liman ya riga mu. Yadda ya yi da ƙafar nan tasa ya yanke ta cikin gonaki ya riga samari, ban sani ba. Ya janye ƙayar da aka rufe kabarin da ita saboda kuraye, hannuwansa duk jini, ya hau ya zauna a tsakiyar tudun, ya tattara rigarsa ya riƙe ta gam a kan cikinsa da hannu ɗaya. Rana ta take, gumi yana bin gemunsa.

Mutane suka yi cirko-cirko. Yahuza ya matso.

"Malam, sauka."

"Ba zan sauka ba. Haramun ne tone musulmi."

"In musulmi ne."

"Kai ka buɗe ƙirjinsa ka duba?"

Yahuza ya jawo aya, liman ya jawo tasa. Ni ban san Larabci ba, abin da na sani shi ne kowannensu Allah yake kira, kowannensu kuma idonsa ya kawo ruwa. Mutane suka gaji da saurare. Wani ƙato mai suna Manu ya yar da dagi ya ce, "A ɗauke shi mana! Tsoho ne, nawa yake?" Mutum huɗu suka nufo shi. Na ƙwalla ihu na faɗa gabansu, wani ya fizge ni ta baya ya riƙe, ashe Lawwali ne. Na cije shi a hannu, bai sake ni ba.

Hannun Manu ya kai kafaɗar liman. Sai tsohon ya ɗaga kai, ya yi magana da wata murya da ban san yana da ita ba.

"To, tsaya, Manu. Kuna son in faɗi abin da na gani? Zan faɗa. Amma ba daga Mas'udu zan fara ba, shi baƙo ne, jiya ya zo. Daga gabas zan fara, in bi kabari kabari." Ya nuna da hannun nan mai jini. "Ga ubanka can gindin aduwa, ni na wanke shi. Ga na Sabiru. Ga kakan mai gari. Ga Malam Muhammad Sani, uban Yahuza, ni na cusa hannu ƙarƙashin zanensa. Duk wanda ke kwance a filin nan tun shekara talatin da huɗu, na san abin da ya zo da shi a ƙugu da damtse da cinya. In amana ta tashi a kan mutum ɗaya, ta tashi a kan kowa. Ku kawo fartanya, yau sai mu yi aikin gaba ɗaya. Manu, da naka za a fara?"

Kai, kowa ya tsaya cik inda yake. Har kukan kurciya na ji daga bakin gulbi. Ai garin nan ba a jima da barin dutse ba, kowa ya san kakarsa, kowa ya san abin da tsohonsa yake ɓoyewa a ƙarƙashin riga yana cewa maganin ciwon baya ne. Ba wanda ya san abin da liman ya gani a kan nasa, ba kuma wanda yake son ya ji a bainar jama'a. Manu ya janye hannunsa ya shafa a riga. Sabiru wanzami, mai bakin nan, shi ya fara sulalewa ta bayan mutane.

Yahuza ya tsaya yana kallon kabarin ubansa. Ya ce, "Malam, ubana mahaddaci ne."

Liman ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ban ce komai a kansa ba. Kana so in ce?"

Yahuza ya juya, mutane suka buɗa masa hanya. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki kayansu suka bi shi, ba kabbara, ba magana, ba mai duban ɗan'uwansa. Aka bar ni da Lawwali da tsohon. Lawwali ya miƙa hannu zai tashe shi, ya ce a'a, kar a taɓa shi, zai tashi da kansa. Ya sauka da rarrafe, hannunsa ɗaya har yanzu a kan ciki. Lawwali ya mai da ƙayar.

Na san abin da mai jin labari yake jira, ya ji an ce da yamma hadari ya haɗo. Bai haɗo ba. Ruwa bai zo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, aka shiga yunwar da har yau in an ambace ta tsofaffi sukan yi shiru. Muka ci ganyen tafasa, muka ci dusa, muka tona gidan tururuwa neman hatsi. Wasu suka ci gaba da cewa gurun Nomau ne, amma ba wanda ya sake ɗaukar fartanya.

Liman kuwa, garin bai yafe masa ba. Ba wanda ya zage shi. Sahu ne kawai ya riƙa raguwa a bayansa, yau goma, gobe shida, don ba mai son ya haɗa ido da mutumin da ya san ƙugun ubansa. Kafin wata biyu mai gari ya ce ya tsufa, ya huta, aka ba Yahuza limanci. In faɗi gaskiya, Yahuza ya riƙe garin a yunwar nan. Ya buɗe ɗan rumbunsa ya rabar, ya sayar da littattafansa a Gusau ya sayo dawa. Da ƙaramar ɗiyata Husaina ta rasu, maza ba su da ƙarfin haƙa, shi ya haƙa da hannunsa. Na gode masa, ban kuma fasa jin haushinsa ba.

Da abin ya yi tsanani, Malam Sahabi ya ce zai tafi Wonaka wurin ɗiyarsa. Ranar tafiya da sassafe suka tsaya a ƙofar gidanmu, shi da Inna Ma'u, da ɗan ƙunshi a ka. Lawwali ya tafi neman ganye. Liman ya aiki matarsa ta cika musu gora, ya kira ni bakin zaure. Ya sa hannu cikin riga ya daɗe yana kwance wani abu, ya miƙo mini a dunƙule.

Gurun Baba ne. An yanke shi da wuƙa wuri ɗaya, an sake ƙulla shi da zare.

Na zauna a dokin ƙofa. Na ce, "Malam, ashe ba ya cikin kabarin?"

"Ba a binne musulmi da komai sai likkafani. Na yanke shi a ƙarƙashin zane na sa a aljihu."

"To me ya hana ka ƙone shi?"

"Ba nawa ba ne. Abin da mamaci ya bari na magada ne. Na so in damƙa wa ɗansa namiji in ya zo gaisuwa, bai zo ba. Ke kuma sai ta hannun mijinki ko matata, kowanne na ba na tona asirin Mas'udu. Ina cikin neman hanya magana ta tashi."

Na ce, "Ranar da suka bincike zaurenka, ina ka sa shi?"

Ya ɗora hannu a kan cikinsa, daidai inda ya riƙe rigarsa a kan kabari.

Wayyo Allah! Sai a lokacin na gane. Limamin gari, zaune a kan kabari, da gurun azna ɗaure a ƙugunsa, hannun Manu a kafaɗarsa. Da sun ɗaga shi rigar ta yaye, ba Baba kaɗai za a kai daji ba. Da fartanyar nan za su gama da shi a wurin, su ce shi ne ya ɗaure musu ruwa. Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini abin da na faɗa masa a bayan danga.

Ya ce, "Ba ki faɗi abin da ban gaya wa kaina ba. Ni dai ki roƙa mini gafara a kan abu ɗaya. Na tsorata musulmi da iyayensu, alhali ko yanka ni za su yi ba zan faɗa ba. Na ƙi yi miki ƙarya guda, na je na yi wadda ta fi ta."

Na ce, "Uban Yahuza fa? Akwai wani abu?"

Ya kusa yin dariya. Ya ce, "Kulu, ke ma?" Inna Ma'u ta fito da gora, suka kama hanya.

A nan na dakata da labarin, na tashi na shiga ɗaki, na ciro gurun daga ƙasan tukunyar da nake ɓoye shi shekara goma, na ajiye wa Arzika a kan cinya. Na ce, "Ga gadonka, kai aka jira. Ka tambaye ni abin da addini ya tsinana mana. Ni ba malama ba ce. Waɗanda suka zo tono da addinin suka zo, wanda ya hau kabarin ma da shi ya hau. In kai ka iya raba su, raba, ni na gaji."

Ya juya gurun a hannu, ya shafa wurin ƙullin zaren da babban yatsa. Can ya jawo ƙoƙon ruwan da ya ture, ya sha. Ya ce gobe Lawwali ya kai shi ya ga inda Baba yake, daga nan kuma zai wuce Wonaka, yana son ya ga tsohon nan da idonsa, in ya mutu a nuna masa kabarinsa.

Na ce, "Bai kai Wonaka ba. Inna Ma'u ce ta isa ita kaɗai. Ya faɗi a hanya bayan sun wuce Gusau, a lokacin da mutane ke faɗuwa ba mai waiwaye. Wasu matafiya suka taimaka mata suka ja shi gefen hanya, suka tura masa ƙasa da rigar jikinsa. Ita kanta da ta koma ba ta gane wurin ba."

Arzika ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "To shi wa ya wanke shi?"

Na ce, "Ba kowa."